Ali Farka Toure: manomin Niafunke da ya koyi kiɗa ba tare da malami ba

Yau a filinmu na tunawa da mazan jiya za mu ƙetare iyaka kaɗan. Mu bi kogin Isa mu yi sama daga Yamai, mu wuce Tillaberi da Ayorou, mu shiga ƙasar Mali ta Ansongo da Gao, mu zagaya ta Tumbuktu, har mu isa wani gari na bakin ruwa da ake kira Niafunke. Nan ne garin marigayi Ali Farka Toure, makaɗin jita wanda sunansa ya kai Turai da Amurka, ya samu kyautar Grammy har sau uku, amma in aka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi manomi ne.

Da yawa cikinku sun taɓa jin kiɗansa ko da ba su san sunansa ba, ko a rediyo, ko a kaset ɗin wani direba a hanyar Dosso, ko a wayar wani saurayi a fada. Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa shi ne yadda ya koyi kiɗan nan. Bai gaje shi ba, bai shiga lakkwal ba, ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa inda ake sa yatsa. Ya tsince shi ne cikin zaman yau da kullum, a gona, a bakin kogi, a cikin mota, a ɗakin rediyo. Kuma da kiɗan ya kawo masa arziki, can ya mayar da shi.

Ɗan wabi mai sunan jaki

An haifi Ali Ibrahim Toure a shekarar 1939 a ƙauyen Kanau, bakin kogin Isa, cikin yankin Gourma Rharous na jahar Tumbuktu. Lokacin ƙasar tana hannun Turawan Faransa. Shi ne ɗa na goma ga mahaifiyarsa, kuma duk waɗanda suka riga shi sun koma tun suna jarirai. Abin da mu Hausawa muke ce wa wabi ke nan.

Kun san al'adarmu game da ɗan wabi. Akan laƙaba masa suna na ƙasƙanci, Ajuji ko Ajefas ko Ayashe, wai don a nuna ba a damu da shi ba, ko Allah ya sa ya tsaya. To mutanen can ma haka suke yi. Sai aka kira yaron nan Farka, wato jaki da harshen Songhai. Duk wanda ke jin Zabarmanci zai gane kalmar, don a nan wajenmu ma farkay suke cewa. Sunan ya bi shi har kabari, kuma bai taɓa jin kunyarsa ba. Yakan fassara shi da juriya da taurin kai, yana nuna cewa shi jakin da ba a hawa ne.

Bai san mahaifinsa ba. An ɗauki uban soja cikin rundunar Faransa a yaƙin duniya na biyu, kamar yadda aka ɗauki dubban mutanen Afirka ta Yamma, har da namu na Nijar, kuma bai dawo ba. Sai iyalin suka tashi suka koma Niafunke. A nan ya girma, a nan ya yi noma, a nan kuma aka binne shi.

Niafunke gari ne na haɗaka. Akwai Songhai manoma, akwai Fulani makiyaya, akwai masunta Bozo da Sorko, ga Buzaye masu saukowa daga hamada, ga ƴan kasuwa Bambara. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri, in kunnensa a buɗe yake, harsuna da yawa zai kwasa ba tare da ya sani ba. Haka ta faru da Ali. Daga baya ya yi waƙa da Songhai, da Fillanci, da Tamashek, da Bambara, kuma kowane ɓangare na jin nasu ne.

Gidan da ba a kiɗa

Matsalar farko da ya ci karo da ita a gida take. A ƙasarsu, kamar a tamu, kiɗa sana'ar gado ce. Bambara na da jeli, Songhai da Zabarmawa na da jasare, mu muna da maroƙa da makaɗa. Ɗan gidan sarauta ko gidan malamai ana yi masa kiɗa ne, shi ba ya yi wa wani. Dangin Ali kuwa cikin masu asali ake lissafa su. Saboda haka ganin ɗansu riƙe da abin kiɗa abin kunya ne gare su, kuma ba su ɓoye masa ba.

Amma akwai wani kiɗa da ke jan hankalinsa tun yana ƙarami. A ƙauyukan bakin kogi ana yin wasan iskokin ruwa da ake kira Jimbala, wanda ya yi kama da borin Hausawa da holley na Zabarmawa. Ana kaɗa ƙwarya, ana goga njarka, wato ƙaramin goge mai tsirkiya ɗaya irin kukumarmu, ana kuma kaɗa jurkel, wani ɗan gurumi mai tsirkiya guda. Yaron yakan je ya raɓe gefe, ya yi tsit, yana kallon hannun masu kiɗan. Wannan kallo shi ne makarantarsa ta farko.

Yana da shekara 12 ya haɗa nasa jurkel da hannunsa, da gwangwani da itace da tsirkiya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san irin wannan wasa na yara. Bambancin kawai, sauran yara kan yi kwana biyu su jefar, shi kuwa bai jefar ba. Tsirkiya ɗaya ba ta da wurin ɓuya. In kana so ta yi magana, sai ka koyi jan ta, da danne ta, da girgiza ta, da sanin lokacin da za ka bar ta ta yi shiru. Wanda ya saurari jitarsa ta shekarun baya zai ji wannan horo a ciki: sauti kaɗan ne, amma kowane yana wurinsa.

Ya sha ba da labari da bakinsa cewa yana wajen shekara 13 wata lalura ta same shi, wadda shi da mutanensa suka danganta da iskoki, har aka kai shi wani gari neman magani ya yi kusan shekara guda. Da ya dawo, hannunsa ya ƙara faɗawa a kiɗa, mutane suka fara cewa baiwa ce aka ba shi. Shi kansa har ƙarshen rayuwarsa bai ɗauki kiɗansa a matsayin abin da ƙoƙarinsa kaɗai ya ba shi ba. Musulmi ne mai riƙe da sallarsa, kuma yana ganin abin kyauta ce daga Allah wadda za a tambaye shi yadda ya yi da ita. Dangi sun so ya bi hanyar masu wasan iskoki ko ya bar kiɗan gaba ɗaya. Bai bi ko ɗaya ba.

Direba, makanike, matuƙin jirgin ruwa

Kiɗa bai ciyar da shi ba a wancan lokaci, kuma bai nemi ya ciyar da shi ba, tunda roƙo ba hanyar gidansu ba ce. Sai ya nemi sana'a. Ya yi noma, ya koyi gyaran mota, ya yi tuƙi, ya kuma tuƙa jirgin ruwa mai inji da ke ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyukan bakin kogi zuwa likita. A yankin Niafunke in ruwa ya cika, hanyar ƙasa takan yanke wata da watanni, kogi ne kaɗai hanya.

Wannan aiki ya zame masa makaranta ta biyu. Direba yana kwana inda dare ya yi masa. Yau yana rugar Fulani yana jin sarewa da hoddu, gobe yana zangon Buzaye yana jin tehardent da takamba, jibi yana tashar masunta yana jin waƙar da suke tuƙi da ita. Duk inda ya sauka yakan nemi mai abin kiɗa ya zauna kusa da shi. A haka ya iya ngoni, wato molon mutanen can, ya iya sarewar Fulani, ya ƙware a njarka. Ilimin inji da ya samu shi ma bai tafi banza ba, za ku ga inda ya yi masa rana.

A shekarar 1956 ya ga abin da ya sauya masa hanya. Ya halarci wasan ƙungiyar raye-raye ta ƙasar Gini, inda ya ga Keita Fodeba yana kaɗa waƙoƙin gargajiyar Malinke da jitar Bature. Wannan Fodeba shi ne ya kafa ƙungiyar Ballets Africains, daga baya ya zama minista a gwamnatin Sekou Toure, kafin a kama shi ya mutu a tsare a 1969. Abin da Ali ya gane a ranar shi ne, ashe jita ba dole sai kiɗan Turawa take yi ba. In Bamalinke zai sa ta yi Malinkanci, shi ma zai sa ta yi Songhai.

Sai dai ba shi da jita, ba shi da kuɗin sayenta. Ya riƙa aro. In ya samu ta wani ta kwana a hannunsa, sai ya ɗauki abin da yake yi a tsirkiya ɗaya ya shimfiɗa shi kan tsirkiya shida. Babban yatsa yana riƙe da amon ƙasa kamar mai kaɗa ƙwarya, manuni yana rera waƙar a sama kamar njarka. Ba haka littattafan koyon jita suka ce a yi ba, amma da yake bai karanta su ba, ba su hana shi ba. Shekara 12 ya yi yana kiɗa da jitar aro.

Zamanin ƴancin kai

Mali ta samu ƴancin kai a 1960, shekara ɗaya da Nijar. Gwamnatin Modibo Keita ta ɗauki al'adu da muhimmanci, ta sa kowane yanki ya kafa ƙungiyar wasanni, ana gasa daga matakin gari zuwa jaha zuwa ƙasa. Dattawanmu da suka ga makon matasa da wasannin samariya a nan gida sun san irin wannan zafi na gasa. Wannan siyasa ta buɗe wa irin su Ali ƙofa. Yanzu mutum na iya hawa dandali da sunan garinsu da ƙasarsa, ba da sunan roƙo ba, kuma dangi ba su da bakin magana sosai.

Ƙungiyar Niafunke ana ce mata Troupe 117, saboda yawan mutanen da ke cikinta, mawaƙa da makaɗa da masu rawa. Ali yana cikin shugabanninta. Yana tsara waƙa, yana horar da masu amshi, yana kaɗa jita, kuma ƙungiyar ta yi suna a gasannin da ake yi a Mopti cikin shekarun 1960. A nan ya koyi abin da mai kiɗa shi kaɗai ba ya koya, wato haƙuri da mutane da sanin yadda ake haɗa murya da yawa su tafi tare. Waƙoƙin lokacin na kira ne ga aiki, da karatu, da kiwon lafiya, da zaman lafiya tsakanin ƙabilu, kuma bai rabu da waɗannan jigogi ba har ya bar duniya. A cikin wannan ƙungiya ne wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Afel Bocoum ya manne masa, ya zama almajirinsa na shekaru da dama.

A 1968 aka zaɓe shi cikin waɗanda za su wakilci Mali a wani bikin al'adu a Sofiya, babban birnin Balgeriya. Fitarsa ta farko ke nan daga Afirka, kuma a can ne ya sayi jitarsa ta farko, yana dab da shekara 30. Ku duba wannan, ku matasa masu cewa rashin kayan aiki ne ya hana ku.

A shekarar nan dai, a Bamako, wani abokinsa ɗalibi ya sa masa faya-fayan baƙaƙen Amurka, irin su James Brown da Otis Redding da John Lee Hooker. Da ya ji Hooker sai ya ɗauka wani ɗan ƙasarsu ne ke kiɗa, sai dai harshen ne bai gane ba. Daga baya Turawa suka riƙa kiransa John Lee Hooker na Afirka, suna cewa kiɗan blues yake yi. Wannan magana ba ta yi masa daɗi ba. Yana girmama Hooker, amma a ganinsa an juya zancen ne. Kiɗan daga bakin kogin Isa ya tashi, bayin da aka kwashe suka tafi da shi a ƙirjinsu, saboda haka saiwar tana wurinsa, su can rassa suke riƙe da su. Bai taɓa sauka daga wannan ra'ayi ba.

Shekara goma a gidan rediyo

A 1970 ya koma Bamako ya kama aiki a gidan rediyon ƙasa, Radio Mali, a matsayin mai kula da na'urorin ɗaukar murya. Kun ga inda makanikanci ya yi rana. Mu da muke wannan aiki mun san abin da mai zama bayan na'ura yake samu: duk makaɗin da ya shigo, ta kunnensa zai bi. Shekara goma Ali yana ɗaukar manyan makaɗan Mali na kowane yanki, yana jin inda suka yi daidai da inda suka kauce. Makaranta ta uku ke nan. Ya kuma yi kiɗa cikin ƙungiyar makaɗan gidan rediyon har aka rushe ta a 1973.

In aiki ya lafa, sai ya zauna gaban makirfo da jitarsa, wani lokaci da mai ngoni ko mai ƙwarya, ya ɗauki nasa. Ana sa su a iska, mutanen arewacin Mali suna jin harshensu da kiɗansu daga babban birni. Wani abokinsa ɗan jarida ya ba shi shawara ya aika da waɗannan ɗauke-ɗauke zuwa kamfanin Sonafric a Paris. Aka buga su a faifai, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekarun 1970. Sunansa ya bazu a Mali da maƙwabta, amma kuɗin kirki bai shigo ba. A 1980 ya tattara ya koma Niafunke, ya kama gonarsa.

Da labarin ya ƙare a nan, da ba mu san shi ba. Sai Allah ya sa wani ma'aikacin rediyon BBC mai suna Andy Kershaw ya tsinci ɗaya daga cikin faya-fayansa a wani kanti a Paris, cikin tarin waɗanda aka karya wa kuɗi. Faifan ba shi da wani bayani, bangonsa ja ne kawai da hoto. Ya kai Ingila ya sa a shirinsa, masu saurare suka yi ta tambaya. Sai wata mata mai suna Anne Hunt ta kamfanin World Circuit ta taso takanas zuwa Bamako neman mai wannan kiɗa. Ba adireshi, ba tarho. Da taimakon makaɗin kora Toumani Diabate aka ba da sanarwa a Radio Mali cewa ana neman Ali Farka Toure. Aka yi sa'a ya shigo Bamako a kwanakin, sanarwar ta kai gare shi, ya zo. Irin sanarwar cigiyar da muke karantawa kullum a nan ce ta buɗe masa ƙofar duniya. A 1987 ya sauka Landan.

Tsakanin dandali da gona

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Kamfanin World Circuit ƙarƙashin Nick Gold ya fitar masa da faya-fayai, ciki har da The River a 1990 da The Source a 1992. Ya zagaya Turai da Amurka da Japan. Ya haɗu da makaɗin jita na Amurka Ry Cooder, suka shaƙu, har Ali ya ba shi kyautar jurkel ɗin nan nasa na farko. Suka yi faifan Talking Timbuktu a Los Angeles cikin kwanaki kaɗan, ya fito a 1994, ya ci kyautar Grammy a 1995.

A nan ne mutane da yawa kan sauya. Wanda duniya ta buɗe wa haka yakan nemi gida a Paris, ya riƙa leƙo garinsu da salla. Ali kuwa sai ya fara ƙin tafiye-tafiyen. Dalilinsa a fili yake. Yana ganin in ya daɗe nesa da ƙasarsa kiɗan yana rasa ƙarfinsa, tunda daga can yake ɗebo shi. Kuma yana da iyali mai yawa da jama'ar da ke kallonsa. Mutum ne da ya ga farin 1973 da na 1984 da idonsa, waɗanda mu ma a Nijar ba mu manta da su ba, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka watse. Ya san garin da ke bakin kogi bai kamata ya kwana da yunwa ba in akwai injin ɗaga ruwa.

Kuɗin da jita ta kawo sai ya zuba su a ƙasa. Ya sayi injinan ban ruwa da na noma, ya gyara fadamu, ya shuka shinkafa da itatuwan marmari, ya tara dabbobi, ya ba mutane aiki. In inji ya lalace shi ke kwance shi. A Bamako kuma ya sa hannun jari a kamfanin buga kaset na Mali K7, don makaɗan ƙasar su samu inda za a buga aikinsu ta hanyar halal, a lokacin da masu satar fasaha suka cika kasuwa.

Da Nick Gold ya ga ba zai samu Ali a Landan ba, sai ya kwaso na'urorinsa da injin ba da wuta ya zo Niafunke. Suka kafa a wani tsohon gini da aka yi watsi da shi a gefen gari. Sharaɗin aikin shi ne gona ce gaba. Sai Ali ya gama abin da yake yi a fadama, sannan ya zo a ɗauki kiɗa, galibi da maraice. Faifan ya fito a 1999 da sunan garin, Niafunke. A zaman nan ne kuma aka ɗauki faifan farko na almajirinsa Afel Bocoum, wanda shi ma malamin gona ne. A 2003 ya fito cikin fim ɗin da Martin Scorsese ya yi kan asalin kiɗan blues, kuma su ne suka biyo shi har gida.

Magajin gari

A 2004 mutanen Niafunke suka zaɓe shi magajin gari. Komin ɗin ba ta da kuɗi, kamar yawancin namu. Ya sa nasa ya gyara hanyoyin cikin gari, ya haƙa magudanan ruwa, ya riƙa sayen man injin da ke ba garin wuta. Yaron da dangi suka ji kunyar ganinsa da gurumin gwangwani, shi ne gurumin ya kai ga haskaka garin.

Amma ga wani abin mamaki. Da ɗansa Vieux, wanda aka haifa a 1981, ya nuna son kiɗa, sai Ali ya hana shi. Soja yake so ya zama. Mutumin da ya sha fama da hanin dangi, ga shi yana yi wa ɗansa irin abin da aka yi masa. Ba don asali ya hana ba. Ya ga wahalar sana'ar ne, ya ga yadda ake cin guminsu, bai so ɗansa ya sha irin ta. Sai dai ɗan jaki bai rasa taurin kai ba. Vieux ya riƙa koyon jita a ɓoye yana bin kaset ɗin ubansa, ya shiga makarantar fasaha ta ƙasa a Bamako. Toumani Diabate ya shiga tsakani, a ƙarshe uban ya sauko ya sa albarka. Har ya yi kiɗa a faifan ɗansa na farko, yana cikin ciwo, kuma wannan na cikin abubuwan ƙarshe da aka ɗauka daga hannunsa. Iyaye da ke karanta wannan, akwai abin dubawa a nan ta kowane ɓangare: tsoron uban gaskiya ne, baiwar ɗan ma gaskiya ce.

A shekarar da ya zama magajin gari, ya zauna da Toumani a otal ɗin Mande da ke bakin kogi a Bamako. Toumani jeli ne ɗan jeli, kora mai tsirkiya 21 gadon gidansu ce tun kaka da kakanni, daga kudu. Ali ɗan arewa ne da ya koya da kunne. Ba su yi gwaji ba, suka zauna kawai suka kama kiɗa. Faifan, In the Heart of the Moon, ya fito a 2005, ya ci Grammy a watan Fabrairun 2006.

Labarin ya same shi a kwance. Ciwon dajin ƙashi ya daɗe yana cin sa, yana aiki a haka. Ya rasu a Bamako a farkon watan Maris na 2006, yana da shekara 66. Gidajen rediyon Mali suka dakatar da shirye-shiryensu suka sa kiɗansa. Gwamnati ta yi masa karramawar ƙasa, aka kai gawarsa Niafunke aka binne. Faifansa na ƙarshe shi kaɗai, Savane, ya fito bayan watanni kaɗan. Wani da suka yi da Toumani a Landan ya fito a 2010, ya kawo masa Grammy ta uku a 2011, shekara biyar bayan rasuwarsa.

A 2012, da ƴan bindiga suka mamaye arewacin Mali, Niafunke na cikin garuruwan da suka faɗa hannunsu, kuma suka hana kiɗa. Makaɗan garin da yawa suka gudu Bamako. Allah bai nuna masa wannan rana ba. Amma almajiransa da ɗansa sun ci gaba, kuma yau duk saurayin da ya rungumi jita daga Tumbuktu har Yamai, da wuya ka rasa ɗan yatsan Ali a hannunsa.

Ga matasanmu masu sha'awar kiɗa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran wurare, abin da za ku ɗauka a tarihin wanga bawan Allah a bayyane yake. Tsohon da ke kaɗa gurumi a unguwarku, da mai goge na ƙauyenku, da matan da ke luguden daka da safe, su ne irin malaman da Ali ya yi karatu wurinsu. Ku zauna kusa da su tun suna raye. Ku kuma riƙe wata sana'a a hannu, don ita ce ta ba shi damar ya ce a'a ga wanda ya ga dama, ya rera abin da ya yarda da shi.

Allah ya jiƙan Ali Farka Toure, ya gafarta masa, ya jiƙan namu magabata baki ɗaya. Sai mun haɗu a fili na gaba.